Zaren Da Na Ɗaura Wa Maganin Malam

Ni ce Talatu, matar Malam Ayuba tela na Sabon Gari a Gusau. Waɗanda suka tashi a gabana suna ce min Inna Talatu, jikoki kuma Kaka. Ku gyara zama, mata 'yan'uwana, don abin da zan faɗa ba mai daɗi ba ne, kuma ba a kan wata zan faɗe shi ba, a kaina ne. Ni ke faɗa, Malama Rifkatu ke rubutawa, saboda hannuna bai yi ƙwarin ɗaukar dogon zance ba tukuna. Na roƙe ta kada ta rage kome, har inda sunanta ya fito.

Sai na fara da zare, in ba haka ba ba za ku gane jinyar ba.

An haife ni a wani ƙauye kusa da Karakkai, ta wajen Bungudu, ban taɓa shiga aji ba. Da Malam ya aure ni ya kawo ni Gusau, kowace safiya kafin ya buɗe shago yakan zauna a tabarma ya karanta Littafi Mai Tsarki da ƙarfi, ni ina dama kunu ina saurare. Allah ya ba ni kai mai riƙo. Abin da na ji sau uku ya zauna ke nan.

Wata Alhamis muka je ziyarar wata mara lafiya da matan zumuntar ikilisiyarmu, mai yi mana karatu ba ta zo ba. Littafin Malam na cikin jakata, ya ce in riƙe masa. Aka yi ta kallon juna. Sai na ciro shi, na buɗe inda ya buɗu, na ɗora yatsa, na zubo abin da ke kaina. Da na gama wata ta ce, "Ashe Talatu ta iya karatu haka, take ɓoye mana." Ban ce eh ba, ban ce a'a ba. Na yi murmushi kawai.

Da na gaya wa Malam ya yi dariya har da hawaye. Sannan ya ce, "To kada wata rana ki buɗe wani wuri kina faɗin wani, mai ido ta leƙa." Ya tsinko zare a kan kekensa na ɗinki, kala uku, ya saka a cikin littafin. Ja don marasa lafiya. Kore don gidan haihuwa. Baƙi don ta'aziyya. Daga baya ya sayo min nawa littafin, ya mai da zaren ciki. In aka ba ni wata takarda ba zato, sai in laluba jaka in ce na manta tabarau. Haka muka yi fiye da shekara ashirin. Har aka ɗora ni shugabar masu ziyara. Ba gidan ciwo a ikilisiyarmu da ban shiga na buɗe zaren ja ba.

Malama Rifkatu kuwa gwauruwa ce, tsohuwar malamar firamare. Da ta bar aiki ta buɗe aji a bayan majami'a, gindin dogon yaro, kowace Talata da yamma, don matan da ba su yi boko ba. Da bakina na tashi a taro na ce, "Ku tafi ku koya. Abin kunya ne mace ta tsufa ba ta iya karanta Maganar Allah da kanta ba." Na faɗa, na zauna, littafina a cinya. Rubuta haka, Rifkatu, kada ki tausasa.

Ciwon Malam ya faro bayan an gama girbi. Ƙishirwa da farko. Randa ba ta kwana da ruwa, kuma fita bayan gida ba iyaka. Riga ta fara yi masa yawa. Sannan ya soma kirana daga shago in zura masa zare a allura, mutumin da a da yake zurawa yana hira bai duba ba. Muka ce tsufa ne. Karatun safe ma ya koma yana faɗa da ka, littafin a buɗe a gabansa, kamar yadda nake yi. Na lura, na ƙyale.

Wata rana ina wanke masa takalmi na ga jini a ciki. Ashe ƙusa ta soke shi a ɗan yatsan ƙafa tun jiya, bai ji ba. Mata, ku riƙe wannan. In ƙusa ta soki mutum bai ji zafi ba, ba jarumta ba ce, a tafi asibiti.

Mu ba mu tafi ba. Satin farko ruwan zafi da gishiri, da man shafawa daga kemis. Sati na biyu yayarsa, Yaya Lami, ta zo daga 'Yandoto ta duba ƙafar ta ce, "Wanga ba na asibiti ba ne. In kun kai shi yanke ƙafar za su yi. Akwai mai magani a Tsafe, ya warkar da wanda ya fi shi." Muka shiga mota da hantsi, don yanzu ba a bin hanyar nan da yamma saboda 'yan bindiga, kowa a motar bakinsa na motsi da irin tasa addu'ar. Mai maganin ya yi mana kirki, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya ba da gari a barbaɗa, da sassaƙe a dafa a sha da zuma. Kwana goma ina zuba wa Malam zuma a kofi da hannuna. A sati na uku ɗakin ya fara wari, ƙafar ta kumbura har idon sawu. Fasto ya shigo gaisuwa, ya tsaya a bakin ƙofa, ya ce, "Gobe da asuba asibiti. Ba shawara nake ba ku ba."

Wanda bai yi layin yankar kati ba bai san tsayuwa ba. Mun isa gari bai gama wayewa ba, muka tarar da mutane kamar a can suka kwana. Sai bayan azahar muka ga likita, wani siriri mai magana a hankali. Aka soki yatsan Malam aka ɗiga jini a wata 'yar na'ura. Likita ya ce, "Baba, ciwon suga ne, kuma ya daɗe yana cinka. Shi ya taɓa ido, shi ya kashe jin ƙafa." Da na ambaci zuma ya rufe ido na ɗan lokaci. Aka wanke ciwon, aka naɗe, aka ce a riƙa zuwa wanki bayan kwana bibbiyu, a daina zaƙi, ga takarda a karɓo magani.

Ranar Alhamis ce, ina sanye da zanen zumunta, kuma mata biyu 'yan zumunta sun biyo mu asibitin, Maryamu da wata. Suka raka ni tagar magani. A gabana akwai wata Bafulatana da goyo. Mai ba da maganin ya tambaye ta ko ta iya karatu, ta ce, "Ban iya ba," kamar wadda aka tambaya ko ta karya kumallo. Ya ɗauki biro ya zana mata sanduna a kan kowace takardar magani, wannan sanda ɗaya, wannan sanda uku, ya sa ta maimaita har ta riƙe. Ta tafi abinta.

Da na matso ya ce, "Inna, in zana miki, ko kin iya karatu?"

Kafin in buɗe baki Maryamu ta ce, "Haba malam, Inna Talatu ce fa. Ita ke yi mana karatu."

Sanda ɗaya da sanda uku. Abin da zan roƙa ke nan. Na ce, "Rubuta kawai, ɗana."

Ya rubuta da Hausa, ya faɗa da baki sau ɗaya da sauri, layi na turo ni ta baya. Na dogara da kaina mai riƙo. Amma sau ɗaya na ji, ba sau uku ba, kuma biyu daga cikin magungunan fararen ƙwayoyi ne masu kama da juna. Ɗaya na ciwon ƙafa, a sha sau uku. Ɗaya na suga, sau ɗaya da safe tare da abinci.

A gida na baje su a kan tabarma na yi ta kallo. Akwai kemis a bakin layinmu, taku kaɗan, amma matar mai kemis ɗin 'yar zumunta ce. Ɗiyata Saratu ta san sirrina, amma tana aure a Bungudu, kuma ba a nuna wa mutum rubutu ta irin wayata. Sai na yi abin da na sani. Na shiga shago na tsinko zare. Na ɗaura ja a wanda na ɗauka shi ne sau uku, kore a na safe.

Malam na kwance, zazzaɓi na dukansa, idonsa ba ya raba baƙi da fari a takarda. Ya ce, "Talatu, wa ya karanta miki?"

Na ce, "Malama Rifkatu. Mun haɗu a ƙofar asibiti."

Ya ce, "To madalla," ya buɗe baki na saka masa ƙwayar.

Ban san abin da ya sa sunanta ya zo bakina ba. Ko kuwa na sani. Ita ce wadda ba wanda zai yi shakkar karatunta.

Kwana biyu ina ba shi maganin suga sau uku a rana, ga shi ba ya cin abin kirki. A rana ta uku bayan la'asar ya fara zufa kamar an watsa masa ruwa, hannunsa na rawa. Ya ce, "Ba ni wani abu mai zaƙi, ko rake ne." Na ce, "Likita ya hana." Ya sake roƙo, na sake hanawa, ina ganin kaina mai jinya ta gari. Can ya fara kirana da sunan mahaifiyarsa, sannan ya yi shiru, idonsa a buɗe ba ya ganina. Na fita ba ɗankwali. Maƙwabcinmu Alhaji Mudi mai hatsi yana alwala a ƙofar gida, ya ajiye butar ya tada mota. Shi da ɗan'uwansa suka ɗauki Malam. Allah ya saka masa, har yau in na gan shi sai na durƙusa.

A asibiti aka sake sokin yatsa, nas ta ce, "Suga ya faɗi ƙasa." Ni ban san suga na faɗuwa ba, na ɗauka hawa kawai yake yi. Aka rataya masa ƙarin ruwa mai suga a ciki, abin da na hana shi da hannuna. Kafin magariba ya motsa, ya ce ina yake.

Washegari da safe likitan nan siriri ya zo zagaye, ya ce in kawo magungunan. Labari ya riga ya kai ikilisiya, Maryamu na tsaye a gindin gado, Malama Rifkatu ma ta shigo ke nan da kwanon abinci a hannu. Likita ya juya takardun ya ga zare.

"Wanga mai jan zare, sau nawa kike ba shi?"

"Uku."

"Inna, an rubuta sau ɗaya da safe. Ga shi ɓaro-ɓaro. Wannan maganin ba a wasa da shi, da kun ƙara awa ɗaya a gida da yanzu wani zance ake yi. Wa ya karanta?"

Sai Malam daga kan gado, da 'yar muryar da ta rage masa, ya ce, "Kada ka ga laifinta, likita. Tabaranta ne ba ta zo da shi ba. Malama Rifkatu ce ta karanta mata." Yana kare ni ne kamar yadda ya saba, kuma ya gaskata abin da na gaya masa.

Likita ya ce, "Wace ce Malama Rifkatu?"

Ta ajiye kwanon a kan durowa. Ta dube ni. Ba dogon kallo ba ne, amma har in mutu ina ganinsa. Sannan ta ce, "Ni ce. A yi haƙuri, likita."

Ya yi mata faɗa a gaban kowa, mace mai furfura da ta koyar da rabin yaran unguwarmu. Ta tsaya tana cewa "to, to". Ni kuwa ina tsaye kusa da ita, ina gyara wa Malam zani a ƙafa.

Aka kwantar da shi saboda ƙafar. A satin farko suka yi ta wanki da allurai. A na biyu suka ce yatsu biyu sun mutu, sai an cire. Yaya Lami ta kira ta ce ai ta faɗa. Amma da mun zo tun ranar ƙusa da ba a kai nan ba. Kome sai ka saya a waje, auduga, bandeji, har safar hannun da za a taɓa ciwon da ita. Keken ɗinki ɗaya daga cikin biyu ya bar shagonmu a satin nan. Akwai nas da in ka kira ta sai ta gama hirarta. Akwai kuma wata, baƙa doguwa, da take wanke ƙafar nan mai wari tana tsokanar Malam wai in ya warke shi zai ɗinka mata kayan biki. Allah ya san su duka biyun.

Duk wannan bai kai nauyin kwanon Rifkatu ba. Kowace rana da hantsi sai ta shigo da shi, wake da zogale, ko tuwon dawa kaɗan da miyar ganye, irin abin da likita ya yarda. Ta gaida Malam, ta gaishe ni, "Yaya Talatu, ya mai jiki," ta zauna kaɗan ta tafi. Ba ta taɓa ɗaga zancen ba. A waje kuwa zance ya yi ƙafa. Maryamu ba muguwa ba ce, amma bakinta ba ya riƙe ruwa. Aka ce Malama ta tsufa, ido ya tafi, ta kusa kashe Malam Ayuba. Matan ajinta suka fara zamewa, wasu mazansu suka hana su. Na ji an ce wata Talata ita kaɗai ta zauna a gindin dogon yaro da allonta har rana ta faɗi.

Saratu ta zo daga Bungudu ranar Asabar. Muna wanke kwanuka a famfon asibiti ta ce, "Inna, zan je in sami matar nan. Wanda bai gani ba ya ce bai gani ba, ba ya karanta wa mutane mutuwa."

Na ce, "Bar ta."

"Don mi zan bar ta?"

"Na ce ki bar ta."

Ta tsaya da kwano a hannu, ruwa na zuba. Ta daɗe tana kallona. Sannan ta ce, "Inna," a hankali. Ta koma Bungudu ba ta yi min sallama da kyau ba.

Alhamis ta zagayo, matan zumunta suka zo ziyarar Malam, kamar yadda muke yi wa kowa. Suka kewaye gadon, Rifkatu a can baya. Aka ce, "Inna Talatu, yau a gidanki za ki yi mana karatu." Na ciro littafin, na buɗe zaren ja, na ɗora yatsa. Wurin nan na faɗe shi ya fi a ƙirga, inda ake maganar yi wa mara lafiya addu'a. Amma a tsakiyarsa akwai inda aka ce masu bi su faɗa wa juna laifofinsu. Shekara ashirin ina wucewa ta kansa kamar mai wuce ƙofar gidan da ba ta san kowa ba. Ranar nan da na iso wurin, harshena ya ƙi. Na tsallake, na kama na gaba. Mata suka ce amin, aka yi addu'a, aka watse.

Da ɗakin ya rage mu biyu, Malam ya ce, "Talatu, kin tsallake layi."

Na mai da littafin cikin jaka.

"Ba ki taɓa tsallakewa ba. Ni na koya miki shi."

Na durƙusa a gefen gadon na gaya masa duka, tun daga Bafulatana da sandunanta. Na ɗauka zai yi faɗa. Sai ya kama shafa bakin zanin gado da yatsa kamar mai duba ɗinki. Sannan ya ce, "Ni na tsinko zaren farko. Sau nawa na ce zan koya miki, ban yi ba? Ba rashin lokaci ba ne. Ina jin daɗin yadda kowace safiya sai kin zo wurina." Ya juya fuska ga bango. "Nawa laifin na faɗa. Amma matar nan ba ta ci mana kome ba. Ki je."

Na yi kwana uku ina addu'a Allah ya kawo wata hanya. Ko Rifkatu ta yi tafiya, ko zancen ya mutu da kansa. A kwanakin nan na gane abin da nake. Maganar Allah ta cika bakina, amma ni na mai da ita zanen fita unguwa, in yafa a gan ni, in dawo in ninke. Ban taɓa zama na tambayi abin da take nema a wurina ba. Wata hanyar ba ta zo ba.

Ranar taron zumunta na bar Malam da nas ɗin nan doguwa, na tafi majami'a. Da aka zo sanarwa na tashi. Na miƙa wa Maryamu littafina na ce ta buɗe inda ta ga dama ta ba ni. Ta buɗe, ta miƙo. Na riƙe shi a gaban kowa na ce, "Ban san ko harafi ɗaya a nan ba. Ban taɓa sani ba. Malama Rifkatu ba ta ga maganin Malam ba sai a hannun likita. Ni na ɗaura masa zare, ni na kusa kashe shi, ni na sa sunanta."

Maryamu ta ce, "To duk karatun da kika yi min ranar da na rasa yarona fa?" Wata tsohuwa, Baba Jummai, da ba ta ji sosai, ta tambayi ta kusa da ita me aka ce, da aka gaya mata sai ta ce da ƙarfi, "Af, wannan ai na sani. Yatsanta na ƙasa bakinta na sama." Wasu suka yi dariya, wasu ba su yi ba. Na ajiye shugabancin a ranar. Akwai mata biyu da har yau gaisuwarsu gare ni daga nesa ce, kuma ban ga laifinsu ba.

A waje na sami Rifkatu na durƙusa. Ta ce, "Tashi, Yaya, ƙasa da zafi."

Na ce, "Don mi kika karɓa?"

"Mutum na kwance tsakanin rai da mutuwa, in tsaya in tona matarsa a kansa? Wa zai yi jinyar?" Ta gyara gyale. "Amma kada ki ɗauka ban ji ba. Sati biyu ina miki girki ina faɗa da ke a zuci. Wata rana har gishiri na ƙi sakawa da gangan."

"Likita ma ya hana gishiri da yawa."

"To kin ga, ko muguntar ban iya ba." Sannan ta ce, "Talata, ƙarfe huɗu. Ki zo da fensir. Kuma ba kujerar shugaba a ajina."

An sallami Malam bayan sati biyar, da sanda, yatsu takwas. Ƙafar ta warke a hankali. Idon bai dawo ba, sai haske da inuwa. Ranar sallama na je tagar magani, mutumin nan dai, na ce, "Ɗana, zana min. Ban iya ba." Bai ko ɗago kai ba, ya zana. Abin da na ɓoye shekara ashirin bai ɗauke shi lokacin shan ruwa ba.

Na shiga aji. Na zauna a benci ɗaya da matan da na ce musu abin kunya ne. Kaina mai riƙo ya zama min matsala, don in Malama ta karanta layi sau biyu sai in haddace in faɗa ba tare da na duba ba, ita kuma ta gane, ta rufe layin da hannu ta nuna kalma ɗaya a tsakiya ta ce, "Wannan fa?" Kalmomin da na fara ganewa da idona ba daga Littafi suke ba. Safe, rana, dare. Daga takardar magani ta koya min su. Matan da suka zame sun dawo, ba duka ba.

Yanzu ranar Alhamis, in an gama ziyara, nakan wuce asibiti in zauna a benci kusa da tagar nan. Ba wanda ya aike ni. In na ga tsohuwa ta karɓi magani tana juya takardar, ko tana laluben jaka wai tabarau, sai in matsa in ce, "'Yar'uwa, ni ma bara ban iya ba. Zo mu koma ya zana miki." Wasu su bi ni, wasu su harare ni. Musulma ce ko Kirista, ba na tambaya. Kuma ina gaya wa duk mai jinyar ciwon suga abin da nas ta koya min: in mai shan magani ya kama zufa da rawa yana neman zaƙi, in yana iya haɗiya a ba shi, sannan a garzaya asibiti. In ba ki gane rubutu ba, ki faɗa a bakin tagar, ko da duk garin na tsaye a bayanki.

Karatun safe ya dawo gidanmu. Malam ke zama a tabarma, ni ke riƙe da littafi. Ranar farko na kai hannu ga zaren ja, ya ji motsin takarda ya ce, "A'a. Buɗe inda ba zare."

Na buɗe. Layi huɗu suka ɗauke ni har kunu ya huce. Ina haɗa harafi da harafi, ina komawa baya, zufa na bin wuyana. Ya san wurin, na ga leɓensa na motsi, amma ya danne bai taya ni ba. Da na kai ƙarshe na ɗago.

Ya ce, "A da kin fi daɗin murya."

Na ce, "A da ba karatu nake ba."

"Na sani." Ya laluba ya ture kofin kunun gefe. "Ci gaba. Shago ba ya jirana yanzu."